Ƙirga Ashirin

Ba Gombe na nufa ba.
Yola na nufa, da kayan jinjiri a bayan mota.
A Tumfure motar ta yi tari sau uku, ta yi shiru.
Bakanike ya leƙa cikinta kamar mai duba majiyyaci,
ya goge hannu a wando, ya ce sai Litinin,
abin da ya lalace daga Jos zai zo.

A bangon shagon cajin waya na ga takarda:
bitar ɗaukar hoto, Asabar da Lahadi,
kowa ya zo da abin da yake da shi.
Abin da nake da shi waya ce mai tsagaggen gilashi,
sai kwana biyu da na rasa inda zan ajiye su.

Mu tara ne, a wani ɗaki a Jekadafari.
Malam Bappayo, siriri, gemunsa rabi furfura,
kyamara a wuya kamar laya,
bai ko taɓa ta ba.
Ya tura taga, ya bar tsaga faɗin yatsa,
ya ce, ku dubi baƙon da ya shigo.
Haske ya kwanta a kan benci,
ya rarrafa, ya hau takalmin Rifkatu.
Baƙo ne, in ji shi, ba a jan sa da hannu,
shimfiɗa ake yi masa.
Kafin ka danna, ƙirga ashirin.

Ni da nake danna hoto a gidan biki
kamar mai ɓarar gyaɗa!

Da la'asar ruwa ya ɗauke, muka shiga Tudun Hatsi.
Ƙamshin jiƙaƙƙen buhu, 'yan dako na neman hanya.
Gidaɗo tela yana bin launin rigunan mutane.
Rifkatu, ma'aikaciyar jinya daga Billiri,
ta durƙusa a taɓo saboda sama da ta gani a cikin kududdufi.

Wata tsohuwa tana awon wake.
Na ɗaga waya. Ɗaya, biyu, uku.
Ina sha ɗaya ta ɗago kai:
Kai ɗan nan, ka yi sallama?

Kunya ta sauko mini har tafin ƙafa.
Na gaishe ta, na zauna a kan buhu,
na sayi mudu biyu da ba ni da tukunyar dafa su.
Ta ce, fuskar bar mini kayata,
ɗauki hannun, shi yake aikin.

Lallen da ya koɗe. Zoben azurfa da ya ci yatsa.
Yadda take tara tozon mudu,
sannan ta ƙara ɗan gyara ba tare da ta duba ba.

Haka Inna take yi.
Hotonta ɗaya gare mu, na fasfon Hajjin da ba ta samu zuwa ba,
fuska a ɗaure, an ce kada ta yi murmushi.
Hannuwan da suka ciyar da mu bakwai
suna ƙasa da inda aka yanke katin.

Ran Lahadi aka ɗauke wuta,
muka cusa kawuna a kan kwamfuta ɗaya.
Malam ya wuce hotunana arba'in kamar mai jan carbi,
ya tsaya a kan wanda ya yi dishi-dishi.
Nan hannunka ya yi rawa. Me ya faru?
Na ce ba komai.
Ya ce, to, kada ka goge.

Litinin, ƙafafun bakanike kaɗai a waje,
rana tana bin silifas ɗinsa a hankali.
Na fara ƙirga.
Ina sha huɗu ya fito, baki har kunne, ya ce tayar mu ji.
Ban danna ba.

Har na wuce duwatsun Kaltungo
wake yana magana a cikin but,
duk ramin da na faɗa sai ya amsa.